Fitilar cikin ruwa da babu waya a jikinta, gaskiya ce ko tallan 'yan kasuwa ne?

mai_wayarin_Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a, dan Allah a haska min wani abu da ya shige min duhu. Wani gidan biki nake wa aiki a nan Kano, suna da irin ruwan nan mai tsartuwa a bakin get, wanda amare ke tsayawa gabansa ana ɗaukar hoto, fitilu shida ne a ƙasan ruwan masu canza kala. Ni na sa su da hannuna bara kafin azumi, a kwalinsu an rubuta IP68 ɓaro-ɓaro, wato lambar da ke nuna suna jure zama cikin ruwa, volt 12 ne, taransifomarsu tana can ɗakin famfo. Wata huɗu ba a rufa ba guda biyu suka fara gumi ta cikin gilashi, daga nan ɗaya ta tsaya a ja kawai, ɗayar kuma ta mutu murus. Na kwashe ruwan na canza su, na lafta silikon a bakin wayar kamar ba da kuɗi na saya ba, na naɗe da salatif, toh yanzu ga wasu biyun sun fara. Da na fasa ɗaya cikin matattun sai na tarar da ruwa kwance kamar cokali biyu, allon ciki duk ya yi kore-kore, amma robar bakin gilashin lafiyarta ƙalau, a bushe ma take.

Alhajin mai wajen ya fara yi min kallon wanda ke cin kuɗinsa, ga shi duk kwashe ruwa sai an sayi tanka an sake cikawa. Jiya ɗansa da ke karatu a waje ya turo masa bidiyon wata fitila da babu waya ko ɗaya a jikinta, a rufe take ruf kamar ƙwai, mutumin ya sa hannu cikin ruwa ya murɗo ta daga bango sai ta mutu, ya mayar ta kama. Alhaji ya ce shi ita yake so. Ni dai shiru na yi don kada in yi abin kunya. Batir ne a ciki ko yaya? In ba batir ba ne ta ina wutar ke shiga, kuma za ta jure wutar NEPA irin tamu?

Baba Mai Gulob ya rubuta:

Wa alaikumus salam yaro. Ai wannan ba sabon abu ba ne, indokshon ake ce mata, Philips sun yi irinta mai suna QL tun farkon shekarun 1990, ana sa su a manyan sito da kan titi inda hawa canza ƙwai ke da wahala. Suna daɗewa sosai amma LED ta zo ta kore su daga kasuwa. Ban taɓa ganin an sa ta a ruwa ba dai.

Injiniya_Samaru ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, sunan ne ya zo ɗaya amma abu biyu ne. Taka ƙwan ne babu zare a ciki, naɗin waya ke zuga hayaƙin da ke cikin gilashin ya yi haske, amma gidan fitilar gaba ɗaya da waya ake kai masa wuta kamar kowace fitila. Wadda ɗan'uwa ya gani LED ce ta yau da kullum, hanyar da wuta ke isa gare ta ce ta bambanta.

Malam mai wayarin, babu batir. Ka san taransifoma ai, naɗi biyu ne na jan ƙarfe, na shiga da na fita, kuma ba sa taɓa juna, maganaɗisu ne ke ɗaukar ƙarfin daga wannan ya kai wancan. Abin da Michael Faraday ya gano ke nan a 1831 kuma har yau a kai muke ci. Toh ka ɗauka an raba taransifoma gida biyu, rabi an binne shi a bango cikin wani kofin roba, ɗaya rabin an sa shi cikin fitilar an zuba masa gam mai daskarewa an rufe. In ka zura fitilar cikin kofin naɗin biyu sun kusanci juna sai ta kama, in ka zare ta mutu. Cajar wayar nan da ake ɗora waya a kai ba tare da an soka komai ba, mai tambarin Qi, haka take aiki, haka ma buroshin haƙori mai caji, shi ya sa kake ganin gindinsa roba ce zalla babu ƙarfe ko ɗaya a waje. Har tsohon samfurin matatar ruwan eSpring ta kamfanin Amway haka suka yi wa fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta a ciki, a rufe take cikin tulun matatar, babu waya tsakaninta da injin.

Amma fa ba wutar soket ake ba naɗin kai tsaye ba. Tamu sau 50 take juyawa a daƙiƙa, da wannan saurin sai da tulin ƙarfe a tsakiya kuma naɗin su manne, shi ya sa taransifomarka ke da nauyi kamar dutse. Don ƙarfin ya tsallake roba da ruwa dole a sami wani akwati da zai mayar da ita mai juyawa sau dubbai, ta Qi ma sama da sau dubu 100 take yi a daƙiƙa, sannan a haɗa kowane naɗi da kafasita, ɗan abin nan da ke riƙe caji ya saki, a daidaita su su zo kan sauri ɗaya, kamar yadda kake murɗa rediyo sai ka dace da tasha. Wannan akwatin shi ne zuciyar abin, kuma shi ne NEPA za ta kashe maka in za ta kashe wani abu, ba fitilar ba.

Waɗanda suka fi kowa wahala a kan wannan fanni su ne 'yan Jami'ar Auckland a New Zealand, Farfesa John Boys da Grant Covic. Kamfanin Daifuku na Japan ya karɓi fasaharsu yana tuƙa kekunan ɗaukar kaya a masana'antun da ba a son ƙura ko kaɗan, sannan daga nan aka fitar da fitilun kan kwalta, irin ƙananan nan da ke nuna layi a hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. A yanka kwalta siriri, a kwantar da kebul guda ɗaya, a rufe, sai a manna fitilun a sama da gam, babu joyin ko ɗaya, wadda mota ta fasa a ɓamɓare ta a manna wata sauran suna ci gaba da ci. Wannan ne ya fi burge ni gaskiya, don duk wanda ya taɓa tonon neman joyin ɗin da ya sha ruwa a ƙasa ya san azabar.

malamar_fizis ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba mai wayarin ba ce, koyarwa nake, amma Malam ka faɗi wani abu da ya kamata a tsaya a kai, ka ce robar gilashin a bushe take amma ga ruwa a ciki. Toh ta waya ya shiga, kuma ba lallai ta gefen wayar inda ka sa silikon ba, ta CIKIN wayar. Tsakanin siraran zaren jan ƙarfen nan akwai 'yan kafofi, in akwai joyin ko 'yar tsaga a jikin kebul ɗin a ko'ina cikin ruwa ko cikin bututun da ya cika da ruwa, zai bi ta nan kamar yadda kananzir ke hawa lagwani.

Kuma fitilar da kanta ke zuƙo shi. In an kunna ta da magariba iskar da ke ciki tana zafi ta kumbura, daga digiri 25 zuwa 60 matsinta na ƙaruwa da wajen kashi 12 cikin 100, sai ta nemi hanya ta fita, hanyar kuwa ita ce wayar. Biki ya tashi an kashe, ruwa ya sanyaya ta, iskar ta tsuke, sai ta ja abin da ke bakin hanyar ya shigo. Kullum ɗigo kaɗan, kullum ɗigo kaɗan, wata huɗu ga cokali biyunka. Na kan nuna wa ɗalibai da gorar roba, a zuba mata ruwan zafi a juye a rufe, sai ka ga ta lotsa da kanta.

Maganar IP68 kuma, 6 ɗin ƙura ce ba ta shiga, 8 ɗin zama cikin ruwa ne, amma zurfin da tsawon lokacin kamfanin ne ke faɗa, sharaɗin dai ya fi na IP67 tsanani, shi kuma mita 1 ne na minti 30 kacal. Gwajin da aka yi wa sabuwar fitila a ɗakin gwaji daban, wata huɗu ana kunnawa ana kashewa daban. Wannan ma in an yi gwajin ke nan ba buga lambar kawai aka yi a kwali ba.

dan_Sabongari ya rubuta:

Hmm. Ku dai 'yan boko kun iya daɗin baki wlh. Ni kayan wuta nake sayarwa shekara da shekaru kuma abin da zan tambayi oga mai wayarin ɗaya ne, ranar da akwatin nan da Injiniya ke yabo ya ƙone ana gobe ɗaurin aure, wa zai ba ka wani? Taransifomar volt 12 ko tsakar dare ka buga min waya zan buɗe shago in ba ka, in ma babu akwai masu naɗi su naɗa maka, amma wannan sai dai a yi oda a jira jirgi, kuma fitilar wani kamfani ba ta shiga kofin wani, in ka fara da su ka auru ke nan babu saki. Sannan abin da aka cika da gam aka rufe ba ya gyaruwa, ko kafasita ɗaya ce ta mutu sai dai ka jefar da ita gaba ɗaya, mu kuma nan mun saba a buɗe a canza abu ɗaya a ci gaba. Akwai masu waya da aka cika cikinsu da gam su ma, babu iska a ciki balle su yi numfashin da Malama ke faɗa, suna zuwa da doguwar wayarsu daga kamfani, ka ja ta har waje ka yi joyin a akwati sama da ruwa. Ka gwada wannan tukun kafin ka sa Alhaji fasa tayil.

Injiniya_Samaru ya rubuta:

Ɗan Sabon Gari ban ƙi taka ba ko kaɗan, ni ma da aljihuna ne abin da zan fara yi ke nan. Kuma in ƙara maka hujja, wuta tana ɓacewa a tsallaken, duk wanda ya ɗora waya a cajar Qi ya ji bayanta ya yi ɗumi ya san haka, kuma da tazarar ta ƙaru ƙarfin ke faɗuwa da sauri, 'yan milimita ake magana ba taku ba. Don haka kada wani ya zaci zai ajiye naɗi a bayan bangon kankare ya haska fitila ta ciki, ga kauri ga rodi, rodin ma shanye ƙarfin zai yi ya yi ta zafi a banza. Dole kofin ya shiga cikin bangon, wato waya tana nan dai har bakin ruwa, bambancin shi ne an rufe ta sau ɗaya a kamfani kuma babu mai sake taɓa ta, abin da ake cirewa a mayar shi ne babu rami a jikinsa.

Inda ta ci kuɗinta shi ne babban kwamin wanka na otal, wanda kwashe ruwansa aiki ne na kwanaki kuma mutane na shiga ciki, a nan canza fitila da hannu ɗaya ba tare da buɗaɗɗen ƙarfe mai wuta a ruwa ba ba ƙaramin abu ba ne. Ko da wace iri ce dai, cikin ruwan da mutum ke shiga ƙa'ida ba ta yarda a wuce volt 12 na AC ba, wato wuta mai juyawa, kuma taransifomar ta zama mai naɗi biyu a rabe, a ajiye ta nesa da ruwan. Na taɓa ganin inda aka sa fitila mai volt 230 a irin wannan ruwan aka naɗe joyin da leda, yara kuma na wasa a bakin.

Wani abu kuma Malam, fitilar da aka rufe ruf ruwan ne ke sanyaya ta, mai waya ko marar waya. In tanka bai zo ba ruwa ya ja ƙasa kuma maigadi ya kunna su haka nan, dafa su yake.

mai_wayarin_Kurna ya rubuta:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Malama kin gama da ni wlh, yau da safe na je na buɗe ramin da wayoyin suka haɗu, ashe ƙasa yake da bakin ruwan, a cike yake taf, joyin ɗina guda shida duk suna iyo a ciki da salatif ɗinsu. Na yanke ɗaya na fere ta kusan taku biyu daga joyin, jan ƙarfen ya yi baƙi ƙirin kuma da danshi a hannu. Ni ina can ina ta fama da bakin fitila.

Maganar maigadi ma Injiniya kamar kana wajen, ya ce min wai da zafin bana sun yi sati suna kunnawa babu ruwa don kada wajen ya yi duhu.

Na yi wa Alhaji bayanin marar wayar kamar yadda kuka yi min, har da misalin cajar waya, ya gane sarai, da na zo kan fasa tayil da jiran oda sai ya ce toh a bari sai in ya tashi gina na sabon wajensa. Yanzu dai zan ɗaga akwatin joyin sama da ruwa in sa masu gam ɗin. Ɗan Sabon Gari masu wayar mita nawa gare ka? Daga fitila ta ƙarshe zuwa inda zan kafa akwatin ya kai mita 7, kuma ba na son ƙari a tsakani ko ɗaya. In akwai zan ɗauki guda ɗaya tukun in jefa ta a duro kwana uku ina kunnawa ina kashewa kafin in biya sauran.