Magunan maƙwabciyata sun mayar min da lambu masai, ya zan yi?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema don abin nan ya fara hana ni barci. A Zariya muke, gidan haya ne amma akwai ɗan fili ta baya, bai fi taku goma ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kayan miya suka fara tashi na ce bari in gyara wurin, na sa aka kwashe ɓaraguzan bulo, na sayo takin awaki buhu biyu na yi fangali uku, alayyahu da latas da yakuwa, sai zogale guda biyu a jikin katanga da tumatir a tsofaffin bokitai. Wallahi tsadar tumatir ɗin nan da aka yi a 2024 wannan ɗan wurin ne ya rufa mana asiri.

To maƙwabciyata da muke katanga ɗaya, dattijuwa ce ta haife ni, tana da maguna. Da guda ɗaya ce, ta haihu ta sake haihuwa, yanzu biyar nake ƙirgawa banda wani muzuru da ke zuwa da daddare. Gidanta siminti ne ko'ina har bakin ƙofa, babu inda za su tona, sai su hau ta kan tankin ruwanta su diro min cikin fangali. Kullum da safe sai na tarar an tone wuri uku huɗu, irin da na zuba ya watse, ga wari in rana ta yi. Satin da ya wuce bayan asuba na je tsinko latas, gari bai gama wayewa ba, hannuna ya nutse cikin kashin da suka binne ƙasa ƙasa, na yi ta amai har maigida ya fito. 'Yan biyuna shekararsu uku, wurin suke wasa, ɗayan har ƙasa yake kaiwa baki. Kuma ina da ciki wata biyar.

Na taɓa yi mata maganar sau ɗaya a kaikaice, sai ta ce min "yarinyata mage ai ba ta da turke, ki yi haƙuri." Daga nan bakina ya mutu, don matar nan ita ta yi min wankan jego lokacin da na haifi 'yan biyu, mahaifiyata tana nesa ba ta da lafiya, kwana arba'in cur ita ke hura wuta ta dama min kunun kanwa. Da wane ido zan kalle ta in ce dabbobinki sun dame ni. Maigida kuma ransa ya ɓaci, ya ce zai sa maganin ɓera a kan kifi ya ajiye, na roƙe shi ya bari amma ya ce sati ɗaya ya ba ni. Ya zan yi dan Allah?

Anti Nas ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin maganar maƙwabtaka bari in fara da cikin nan naki don shi ya fi tsaya min a rai. Daga yau ki daina sa hannu a ƙasar nan. Akwai wata cuta da ake kira toksoplasmosis, ƙwayarta a cikin hanjin mage take yaɗuwa ta fito a kashi, kuma ƙananan maguna masu fara cin ɓera da tsuntsu su suka fi fitar da ita. Babban mutum mai lafiya yawanci ko sani ba ya yi ya kamu, iyaka ɗan zazzaɓi kamar mura, amma mace in ta kamu karon farko tana da ciki tana iya kaiwa ga jariri, ta jawo ɓari ko ta taɓa ido ko ƙwaƙwalwa. Ba tsorata ki nake ba, ba kowace mage ke ɗauke da ita ba, amma ki faɗa wa likita in kin je awo, ki ce masa kin taɓa kashin mage, akwai gwajin jini da ake yi.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne sabon kashi bai fara harbi ba sai ya kwana ɗaya zuwa biyar, to in an kwashe shi kullum da safe an rage haɗarin sosai, wanda ya daɗe a ƙasa mai laima shi ne matsala don ƙwayar tana iya yin watanni da ranta. Maigida ya riƙa kwashewa da shebur ya haɗa da ƙasar da ke kewaye ya ƙulle a leda, kada a zuba cikin taki. Latas ɗin ki haƙura da shi yanzu tunda ɗanye ake ci, alayyahu da yakuwa a wanke sosai a dafa, wuta na kashe ta. Yara kuma a yanke musu farce, a wanke hannu da sabulu, ki tambayi maganin tsutsar ciki a asibiti don kashin mage da na kare na ɗauke da ƙwan tsutsa.

Ɗalibi Mai Neman Sani ya amsa:

Malama Allah ya sauke ki lafiya. Ki gaya wa maigida ya ji tsoron Allah kan maganar guba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu yana cikin Bukhari da Muslim, ina ga wanda ya sa wa biyar guba da gangan. Sannan kifin da ya ajiye bai san wa zai ɗauka ba, kaza ce ko yaron da kika ce yana kai ƙasa baki.

Ita ma Hajiya maganarta ba ta cika ba. Mutanenmu sun riƙe cewa mage ba najasa ba ce, kuma gaskiya ne, Annabi (SAW) ya ce tana cikin masu kewaya ku, shi ya sa in ta sha ruwa ana alwala da ragowar. Amma wannan jikinta ne da bakinta. Kashinta da fitsarinta a mazhabar Malikiyya najasa ne, ba kamar na akuya da tunkiya ba da suke da tsarki tunda ana cin namansu. Kenan ba ƙyama kawai kike yi ba, najasa ake zuba miki a inda kike cire abinci, tana taɓa zanenki da kike salla da shi.

Kuma ɓarnar dabba a shukar mutane ba sabon abu ba ne a shari'a. Suratul Anbiya aya ta 78 ta kawo hukuncin Annabi Dawud da Annabi Sulaiman kan gonar da tumaki suka shiga da dare. A Muwaɗɗa akwai taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, aka hukunta cewa masu lambu su tsare abinsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana kan masu su, haka yake a Risala ma. Mage ba dabbar garke ba ce da za a ce a kora ta turke, amma ƙa'idar ba cuta ba cutarwa ta hau kan mai ita. Ki je ki faɗa mata a fili cikin ladabi, ba rashin kunya ba ne, alherin da ta yi miki ma shi ya ba ta haƙƙin ki gaya mata gaskiya kafin wani ya gaya mata.

Baban Abba ya amsa:

Ni dai gaskiya ban yarda da wannan lallaɓawar ba. Shekara biyu awakin maƙwabcina suna shigo min ta inda katanga ta zube, sun cinye min mangwaro ɗan aure guda uku da na dasa, kullum in na yi magana sai a ce haƙuri, sai ranar da na kama ɗaya na ɗaure na kai wa mai unguwa sannan aka zauna, ya biya kuɗin dashe ya gyara katangar cikin kwana huɗu. Wasu mutanen ba sa jin magana sai a gaban manya. Ki bar maigidanki ya je wurin mai unguwa kawai, aikinsa ne, ko a kira duba-gari su zo su ga wurin.

Uwar Kyanwa ta amsa:

Baban Abba naka daban ne, wancan ƙato ne da ya raina ka, wannan tsohuwa ce da ta yi wa yarinya wankan jego, in aka kai ta gaban mai unguwa wallahi har ta mutu ba za ta manta ba, kuma a ƙarshe me mai unguwan zai ce, ta ɗaure mage?

Ni ina da maguna uku kuma na taɓa zama a matsayin Hajiyar, maƙwabciyata ta daina gaishe ni wata biyu ban san dalili ba sai daga baya 'yarta ta gaya min. Maman Biyu, mage ba mugunta take ba, ƙasa mai laushi busasshiya take nema ta tona ta binne, kuma inda ta ji warin nata nan take komawa. Gidan Hajiya duk siminti, ke kuma kin kafta kin yi laushi, to kin ga ai dole. Maganin a gidanta yake. A samo tsohon baho ko daro mai faɗi, ko a yanka jarka babba, a zuba yashin gini a ajiye a lungu inda ba hayaniya nesa da inda suke cin abinci, tunda biyar ne a yi ko guda uku. A ɗebo ɗan kashinsu daga lambunki a sa a ciki ranar farko don su gane, a riƙa kwashewa kullum, yashin a canza duk sati. Nawa cikin kwana uku suka saba. Da daddare kuma in tana da ɗakin ajiya ta rufe su da ruwa da bahon a ciki.

Ta ɓangarenki ki lalata musu wurin. Wayar kaji ki shimfiɗa a kan fangali ki danne da duwatsu, shuka za ta fito ta ramukan amma su ba sa son taka ta kuma ba za su iya tono ba. In waya ta yi tsada ƙayar magarya ko ta bagaruwa ma ta isa, sai dai ki kula da ƙafar yara. Ki koma ban ruwa da yamma liƙis don ba sa son jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ɓawon lemo yana ɗan taimakawa amma kwana biyu warin ya tafi. Kada ki barbaɗa barkono ko kafur, barkono yana shiga musu ido, kafur kuma guba ne gare su da yaran duka.

Sai maganar haihuwa, in ba a tsayar ba baɗi goma za ki ƙirga, mage tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Kuna Zariya ai kun yi sa'a, akwai asibitin dabbobi na ABU, ana yi wa namiji fiɗiya ana yi wa mace aikin tsayar da haihuwa.

Ɗan Birmingham ya amsa:

Kin tuna min da unguwarmu a nan Ingila, rigimar nan ita ce ta kullum tsakanin maƙwabta. Kare in ya yi kashi a hanya ba ka kwashe ba tarar nan take tana kaiwa fam 100, in aka je kotu har fam 1,000, shi ya sa kowa ke yawo da leda a aljihu. Amma mage doka ta bar ta ta yi yawonta, ba abin da za ka yi wa mai ita don ta ɓata maka lambu, kai kuma in ka sa mata guba ka shiga uku, dokar kare haƙƙin dabbobi ta 2006 za ta hau kanka. Tun Yunin 2024 ma dole ne a sa wa kowace mage 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Ni abin da ya yi min aiki shi ne wayar da Uwar Kyanwa ta faɗa, da kuma toshe hanyar da suke bi. Ki duba tankin nan da kika ce, in aka kafa langalanga a tsaye a kan katangar daidai wurin zai rage sosai.

Maman Biyu ta dawo:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na karanta wa maigida duka, da ya ji maganar yara za su iya ɗaukar kifin ya yi shiru, shi ke kwashewa yanzu kafin ya fita aiki.

Jiya bayan la'asar na tsinki zogale na cika kwano na shiga wurin Hajiya. Mun gaisa, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce Mama wata ma'aikaciyar asibiti ta ce kashin mage yana iya taɓa abin da ke cikina, kuma a lambuna suke yi. Ta ajiye carbinta ta ce "shi ne tun yaushe kika yi shiru?" Ta yi min faɗa sosai, ta ce ita ta zaci tono kawai suke yi. Ashe magunan ba don sha'awa ta tara su ba, tun rasuwar Alhaji ɓeraye suka addabe ta, kuma in dare ya yi su kaɗai ke motsi a gidan. Ta ce ba za ta rabu da uwar ba amma ƙanana biyu za ta ba jikanta ya kai ƙauye.

Mun sa yaro ya kawo yashi baro ɗaya, daro biyu muka samu, na uku sai an saya. Maganar asibitin dabbobi ta ce sai ta yi shawara da ɗanta don ba ta taɓa jin an yi wa mage aiki ba, ban matsa ba. Yau da safe wuri ɗaya aka tone, ina zargin muzurun nan ne da ba shi da mai shi. Awo na ranar Talata ne zan yi wa likita maganar gwajin. Uwar Kyanwa dan Allah wayar kajin mai ƙananan ido zan saya ko mai manya, don fangalin alayyahu nake so in fara rufewa.