Admin a ɓoye sunana, abin ya fara fin ƙarfina

Salam 'yan uwa. Ni magidanci ne a Kano, mata ɗaya yara huɗu, ina da shagon kayan masarufi, tunda aka cire tallafin mai a 2023 jarina yake ta zaizayewa har shagon ya koma sai kanta, ga bashin dila ga haya ga kuɗin makaranta. Yanzu bana iya bacci, ƙarfe biyun dare idona biyu ina lissafi, abinci baya shiga, yara in sun matso sai in daka musu tsawa ba laifin komai. Na faɗawa yayana yace haba kai kamar ba namiji ba, kowa haka yake ciki, kayi ta maza. Tun ranar ban ƙara buɗe baki ba, madam ma na ɓoye mata kar ta raina ni. Wani yace inje asibiti amma wallahi tsoro nake a ganni a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ace wane ya zautu, ga 'ya'ya mata zan aurar. Don Allah ya zanyi?

Abban Sadiq: Ɗan uwa Allah ya yaye. Yayanka bai kyauta ba gaskiya. Annabi SAW ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, Annabi Yaƙub kuma idonsa har ya yi fari don baƙin cikin Yusuf, waye ya fi su mazantaka? Riƙe addu'a amma ka nemi magani, ba sa karo da juna.

Maman Ilham: Yaya don Allah ka faɗawa matarka. Wallahi mun sani, muna ganin mutum yana juyi cikin dare, shirun ne yake sa mu zargin ko aure zaka ƙara ko mu muka yi laifi. In ta san gaskiya ita zata fara rage cefane da kanta.

Nas ɗinku: Malam rashin bacci da rashin cin abinci da saurin fushi in sun wuce sati biyu alamun ciwon damuwa ne, kuma yana jin magani. Ba sai ka fara da Dawanau ba, je wajen likita na yau da kullum ka faɗa masa komai, ya duba har hawan jini, in da buƙata shi zai tura ka, Asibitin Malam Aminu Kano ma akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Kar ka sayi maganin bacci a kemis da kanka, da yawa daga nan suka faɗa shaye-shaye. In kuma tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwa maka to yau ɗin nan zaka je, kada ka zauna kai kaɗai.

Ɗan Kwari: Na shiga irin wannan. Je ka samu dilan da wani dattijo ku tsara biya kaɗan kaɗan, ɓuya ce take ƙara nauyin. Yi min magana ta inbox, ni zan raka ka asibitin in kunya kake ji.