Wa zan fara karantawa, Marx ko Bakunin?

Ɗalibar Aji Biyu: Salamu alaikum. An ba mu aiki kan saɓanin mabiya Marx da masu ƙin hukuma irin su Bakunin game da mulki. Sati biyu gare ni. Da me zan fara?

Ɗan Samaru: Lenin, ɗan littafinsa na 1917 kan hukuma da juyin juya hali. Kwana uku kin gama.

Tsohon Ɗalibi: Ƙanwata, kome za ki yi, kada ki dogara da takardun taƙaitawar nan na shagon fotokwafi. Ni su suka kai ni suka baro. Na haddace shafi huɗu, har tawadar ta ɓata mini aljihun riga, na shiga jarrabawa na rubuta wai Marx na son hukuma ta dawwama, Bakunin kuma hargitsi yake so. Malamin ya ja jan biro tun daga sama har ƙasa, sai da na maimaita kwas ɗin. Ashe dukkansu so suke a wayi gari babu hukuma, a hanya suka raba gari. Su Marx suka ce hukuma sandar masu dukiya ce, ma'aikata su ƙwace ta su riƙe na ɗan lokaci, in bambancin mai shi da mara shi ya kau, za ta bushe da kanta. Bakunin ya ce ina! Leburan da ya hau kujera ya tashi daga lebura, daga sama zai riƙa kallon 'yan'uwansa. Rigimar ta kai har aka kore shi daga ƙungiyar ma'aikata ta duniya a taron Hague, 1872. Ki nemi littafinsa na 1873, ki haɗa da na Lenin.

Hajiya Malama: Ta fara da abin da Marx ya rubuta kan tawayen ma'aikatan Faris na 1871. Ɓangarorin biyu kowa na cewa tawayen nasa ne.

Ɗan Samaru: Bushewa? A Rasha ai ƙiba ta yi. Tambayi matuƙan jirgin ruwan Kronstadt da suka yi tawaye hukuma ta murƙushe su a 1921.

Kwamared: Yaƙin basasa ake yi lokacin, malam. Naku kuma masu ƙin hukuma na Sifen a 1936, ba ministoci suka zama ba?

Ɗan Samaru: Ni ba nawa ba ne, karatu kawai nake.

Mai Shayi: Ni dai wanda ya fassara kalmar "state" da "jiha" ya cuce mu. Sai ka ɗauka da Jigawa ake faɗa.

Hajiya Malama: "Daula" ta fi.

Kwamared: Daula kuma? Sai ka ce ta Usmaniyya. Hukuma dai.

Admin: A koma kan tambaya, ko na fara cire mutane.

Mai Shayi: Kun gani ko? Shekaranjiya da mu ake gulmar admin.

Ɗalibar Aji Biyu: To Lenin ɗin, wa ke da shi a waya?