Gasar harbin fistol ta IPSC (ƙungiyar duniya mai shirya gasar harbi da ke haɗa saiti da sauri): daga ina mai koyo zai fara?

Sabon_Maharbi, Gwarimpa:
Salamu alaikum. Zan tafi karatu Afirka ta Kudu, an ce akwai kulob na wannan gasa kusa da makarantar. Me ya kamata in sani kafin ranar farko? Kuma zan iya fara atisaye a nan Abuja?

Baffa_Garki:
Wa alaikumus salam. Tambayar ƙarshe tukuna, don ita ce mai ɗauri. A Dokar Makamai ta 1959 fistol tana cikin makaman da aka haramta, Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinta. Ko ta iska sai da lasisin 'yan sanda. Ka bari sai ka isa can, ka fara da bindigar kulob a gaban mai koyarwa.

Abin da ke fitar da sabbi daga gasa ba rashin saiti ba ne, karya dokar tsaro ce. Bakin bindiga kada ya karkata fiye da digiri 90 dama ko hagu daga bangon da ake harbi. An fi faɗawa wannan wajen komawa da baya, ko wajen canza gidan harsashi ana tafiya hagu, domin mai amfani da dama hannunsa kan karkato bakin ba tare da ya sani ba. Sai yatsa: muddin kana tafiya ko kana canza gidan harsashi, ya fita daga zoben kunama, a gan shi a miƙe. Kuskure ɗaya, alƙali ya sallame ka daga gasar gaba ɗaya.

Hajiya_Rayfield:
Ɗana, ga lissafin makin. Allon kwali yana da sassa uku. A rukunin Production, wato na fistol kusan yadda kamfani ya ƙera ta, inda ya dace ka fara, A maki 5 ne, C 3, D 1. Harsashin da bai sami allo ba kuwa ragin 10 ne, haka ma harbin farin allon da aka hana. Ana raba maki da lokaci. Maki 50 cikin sakan 10 ya ba ka 5. Ka yi gaggawa ka gama a sakan 8, amma harsashi ɗaya ya ɓace: ka rasa 5, an cire 10, saura 35, wato 4.4. Mai natsuwa ya wuce ka.

Harsashi ma ana gwada ƙarfinsa. Nauyi a giren (ma'aunin nauyin harsashi) sau gudu a ƙafa cikin sakan, a raba da 1,000, dole ya kai 125. Na 9mm mai giren 124 da ke gudun ƙafa 1,050 ya ba da 130, ya tsallake.

Baffa_Garki:
Hajiya ta gama magana. Ƙari kaɗan: umarnin alƙali da Turanci ne a duk duniya. Bayan ya ce "Standby", ƙarar na'ura mai ba da izinin farawa kan zo cikin sakan 1 zuwa 4, kada hannu ya taɓa bindiga kafin nan. Dogon zangon harbi a gasar kan kai harsashi 32, don haka ka tanadi gidan harsashi huɗu, da kube mai rufe kunama, da tabarau da abin toshe kunne. Lokacin zagayen duba fili, ka ƙirga alluna, ka tsayar da inda za ka canza gida, ka yi canjin kana tafiya, ba a tsaye ba.

Sabon_Maharbi:
Na gode Baffa, na gode Hajiya. Kuben fata ko na roba?

Hajiya_Rayfield:
Na roba mai tauri. Fata kan saki bayan an daɗe, bakinta ya lanƙwashe ya shiga zoben kunama lokacin mayar da bindiga.