Kafin in sa hannu a takardar rajista: wa ya taɓa buga ƙwallon Amurka a New South Wales?

Ɗalibi a Sidni

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Disamban da ya wuce wani abokin karatuna ya ja ni kallon Waratah Bowl, wasan ƙarshe na gasar manya ta ƙwallon Amurka a jiharmu ta New South Wales. Tun ranar abin ya tsaya min a rai. Yanzu ƙungiyarsu na neman sababbin 'yan wasa kafin a fara kakar wasa wajen Satumba, ni kuwa ban taɓa sa hular kwano ba. Wanda ya shiga ko ya gani da idonsa, don Allah ya faɗa min gaskiyar abin.

Mai tuƙin babbar mota, Parramatta

Wa alaikumus salam ƙanena. Kaka uku na yi a layin gaba, cikin ƙartin da ke tare wa mai jifa hanya. Abu na farko da za ka sani: ba a biyan kowa ko sisi. Kai za ka biya rajista, kai za ka sayi takalmi da robar kare haƙora, hula da garkuwar kafaɗa kuma ko ka saya ko ƙungiya ta ara maka ta hannu. Tawa hular ta aro ce, sunan wanda ya riga ni na rubuce a ciki da baƙin alƙalami, soson goshin ya ci gumi har ya taurare. Kar ka karɓi wadda ke yi maka rawa a kai, ko da za a ce ka cika tsirfa.

Atisaye da dare muke yi, bayan kowa ya tashi aiki, a filin zari-ruga da aka kunna wa fitila. Na kusa da ni a layi mai gyaran famfo ne, na bayansa malamin makaranta. Wata biyu na yi kafin dokar ta zauna min: mutum goma sha ɗaya, dama huɗu ku ci yadi goma, in kun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Sauran duk haddar tsare-tsare ne, kuma wallahi ita ta fi karo wuya.

Ba mu taɓa kai wa wasan ƙarshe ba. Sau ɗaya muka je na kusa da shi, aka fitar da mu da tazarar maki uku, bugu ɗaya tsakanin sanduna. Na ga magidanci mai 'ya'ya huɗu ya zauna a kan ciyawa da hularsa a cinya yana hawaye, washegari kuma asubanci ya yi zuwa aiki. Har yau in na wuce filin nan sai gabana ya faɗi.

Maman yara biyu

Ni ta gefen fili zan ba ka labari, ɗana. Maigidana ya buga, ni kuma nake kai yara kallo. Disamba a nan tsakiyar zafi ne, kar ka manta, su kuma suna cikin hula da garkuwa da safa. Ruwa da ƙanƙara mu mata da 'yan uwan 'yan wasa muke kawowa a cikin kula, wato akwatin sanyi. A shekararsa ta biyu jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Aka yi aiki, ya yi makonni bai fita nema ba, gidan ya ji jiki. Ban hana shi komawa kallo ba, amma ina roƙonka ka karanta abin da inshorar rajistar ta ɗauka da abin da ba ta ɗauka ba kafin ka sa hannu. Kuma in kanka ya bugu ka ji jiri, ka fito. Kar kunyar abokai ta tsayar da kai.

Tsohon ɗan zari-ruga

Hajiya ta faɗi gaskiya, Allah ya ƙara wa maigidanta lafiya. Bayan na daina wasa sai na koma riƙon sarƙa, wato sanduna biyu da sarƙa mai tsawon yadi goma a tsakaninsu, wadda ake auna ci gaban ƙungiya da ita. Aikin sa kai ne. Na taɓa riƙe ta a wasan da aka kira mu tsakiyar fili a yi awo, ana saura 'yan mintoci. Muka ja sarƙar ta miƙe, hancin ƙwallo ya gaza kai wa sanda da abin da bai fi faɗin tafin hannu ba. Filin ya yi tsit, kana jin numfashin 'yan wasa ta cikin wayar hula.

Gasar nan tun 1984 ake yin ta, sunan kofin kuma daga jan furen waratah ne, alamar jihar. Ƙungiyar Jami'ar Sidni, Lions, ta yi sama da shekara goma a jere tana ɗaukarsa, to ka ga irin haƙurin da sauran suka yi suna dawowa kowace kaka.

Abu ɗaya nake ja wa matasa kunne. Suna zuwa da labarin Jordan Mailata, ɗan unguwar Bankstown a Sidni da ƙungiyar Philadelphia Eagles ta Amurka suka ɗauka a 2018 bai taɓa buga wasan ba, har ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a 2025. Daga zari-ruga ya fito, ba ta wannan gasar ya bi ba. Wanda ya bi ta irin tamu shi ne Adam Gotsis, daga Monash Warriors a Melbourne, sai jami'a a Amurka, sai Denver Broncos a 2016. Irinsu ba su da yawa. In za ka shigo, ka shigo don wasan.

Ɗalibi a Sidni

Na gode Yaya, na gode Mama, Allah ya saka da alheri. Na tura wa sakataren ƙungiyar saƙo ya aiko min da takardar inshorar. Yaya mai mota, in kana da sarari ranar Asabar, ka raka ni gwajin hula.