Masu danna ƙwan fitila a sudoku, ku fito mu yi magana

Tela, Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu buga sudoku a salula ce, don na san muna da yawa a garin nan ko da wasu na ɓoyewa. A fadarmu mu biyu ne muka kamu da wasan, ni da wani abokina mai sayar da kayan babur. Manhajarmu ɗaya, mataki ɗaya muke bugawa, na masu wuya. Ni ba na taɓa maɓallin nan na taimako mai hoton ƙwan fitila, sai in zauna in yi ta nazari har shayina ya huce. Shi kuwa da ya ɗan cije sai ya danna, a ba shi lamba, ya wuce abinsa. Amma in aka duba maki a ƙarshen mako shi ne a sama, ga gori ba ya barin in sha ruwa. Wai yaya ake lissafin makin nan ne? Ku kuma kuna danna taimakon, ko kuna ɗaukarsa satar amsa? Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ban da "an ce".

Mushen lissafi, Ali Ɗan Sofo:
Wa alaikumus salam, maigida tela. Ka fara sanin cewa babu wata ƙa'idar maki da kowa ya yarda da ita. Ƙa'idar wasan ce guda ko'ina: gida 81, layi 9 a kwance, 9 a tsaye, ɗaki 9 mai gida tara-tara, kowace lamba daga 1 zuwa 9 ta fito sau ɗaya a kowane layi da kowane ɗaki. Haka take tun da wani Ba'amurke, Howard Garns, ya fito da wasan a wata mujalla a 1979, kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauka a 1984, har jaridar The Times ta Landan ta fara bugawa a 2004 ya bazu duniya. A takarda ake yi da fensir, kuma ba maki: ko ka gama, ko ba ka gama ba. Maki kayan masu manhaja ne, kowa da irin nasa.

A waɗanda na gwada, abubuwan da ke shiga lissafin su ne mataki da lokaci da kuskure. Wadda ke salulata yanzu tana ba da maki kan kowace lamba da ka saka daidai, makin na raguwa in ka daɗe ba ka saka komai ba, kuma akwai ɗan ƙari in ka cike layi ko ɗaki. Gidan da taimako ya cike ba a ba ka komai a kansa, ba a kuma cire maka komai. To ka yi lissafin da kanka. Abokinka ya sadaukar da makin gida ɗaya, ya tsira da minti goma. Kai ka ci makin gidan, agogo ya cinye maka na sauran. In kuma jimillar mako ake tarawa, kana kan wasa ɗaya shi ya gama biyu ya shiga na uku. Ba ƙwaƙwalwa teburin nan ke aunawa ba, yawan bugawa da sauri yake aunawa.

Ɗan kabu-kabu, tashar Babbar Kasuwa:
Mushe ya faɗi gaskiya. Ni tsakanin fasinja da fasinja nake bugawa, ba ni da lokacin zaman nazari. Sai dai ƙwan fitilar nan ba kyauta ba ne fa. Na farko suna ba ka, na biyu sai ka kalli talla, tallar kuma forfe take ci. Da na ga haka sai na riƙa kashe intanet kafin in buɗe wasan: ba talla, ba taimako, kowa ya huta. Amma na samu wata dabara. Manhajar tana yafe kuskure biyu, sai a na uku take korar mutum. In gida ya rage tsakanin 4 da 7, sai in jefa 4. In ta yi ja, alamar kuskure ke nan, to 7 ce. Ka ga taimako biyu ke nan a kowane wasa, ko dala ban biya ba.

Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo:
Yaya mai babur, wallahi wannan ta fi danna fitilar muni! Mai danna fitila ko ba komai ana iya nuna masa dalili, kai kuwa canke ka yi.

Ni abin da na lura shi ne taimakon iri biyu ne, kuma mutane na haɗa su a kwando ɗaya. Akwai manhajar da in ka danna sai ta jefa lambar cikin gida kurum, ta yi shiru. Wannan ba ta ƙara maka komai, gobe in ka iso irin wurin nan za ka sake cijewa. Akwai kuma wadda ke tafiya da kai daki-daki: ta fara haska maka ɗakin da za ka duba, in ka danna gaba ta nuna layukan da suka toshe, sai a ƙarshe ta faɗi lambar. Ni a hasken farko nake tsayawa, in rufe, in nemo sauran da kaina. Sau da yawa ba dabara ce ta gagare ni ba, idona ne yake wani gefe.

Ta nan na koyi abin da nake kira tagwaye. In gida biyu a layi ɗaya kowannensu 3 ko 8 kaɗai zai iya ɗauka, ba sai ka san wanne ne 3 wanne ne 8 ba. Ya isa ka san sun riƙe lambobin nan biyu, sai ka goge 3 da 8 daga sauran gidajen layin. Da ka goge, wani gidan da ke da zaɓi biyu sai ya koma ɗaya, hanya ta buɗe. Na yi wata da watanni ina tsayawa a matsakaicin mataki saboda rashin sanin wannan, kuma ba wanda ya koya mini sai fitilar da Baba tela ke gudu.

Ɗan kabu-kabu:
Ƙanwata, ke kina da kujera da fanka. Ni ina kan babur cikin rana, ga mai kaya na kirana. Canke ma ai basira ce.

Hajiya, tsohuwar ungozoma, unguwar Zariya:
Sannunku yara. Ni jikata ta saka mini shi bayan na bar aiki, wai kada kaina ya yi sanyi. Abin da mai babur ya faɗa shi ne ya sa na shiga saitin manhajar na kashe jan nan gaba ɗaya. Ku da kuke alfahari ba ku danna fitila, kun taɓa tunanin jan alamar nan ita ce babban taimako? Shi ma jan iri biyu ne. Akwai wanda ke nuna maka ka maimaita lamba a layi, wannan abu ne da idonka zai iya gani da ka duba. Akwai kuma wanda ke gwada lambarka da amsar da ke ɓoye cikin salula, ya ce maka ba daidai ba tun kafin wata alama ta bayyana a fili. Na biyun nan amsa ce ake raɗa maka a kunne.

Tela, kai za ka fi kowa ganewa. In ka yanka yadi a karkace ba nan take kake sani ba, sai ka zo haɗa wuyan riga ya ƙi zama. Haka wasan yake in ka kashe jan: lamba ɗaya ta ɓata tun farko, kana ta murna kana cikewa, sai can wajen ƙarshe ka tarar da 6 biyu na neman ɗaki ɗaya. Daga nan ko ka bi sawunka baya ko ka share ka sake. Tun da na koma haka hannuna ya daina sauri, ba na saka lamba sai na iya faɗa wa kaina dalili. Makina ya faɗi warwas, jikar tawa har dariya take mini. Ni kuma ban da wanda zan nuna wa maki, da wa nake tsere?

Tela:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ni dai jan nan a kunne yake a tawa, ban ma san ana kashe shi ba.

Malamin allo, Tibiri:
Ni ɗana ne ke wasan ga, na karɓa na duba. Da na ga gidaje da lambobi sai na ce ai wanga hatimi ne Turawa suka saka cikin waya. Mu mun gaji irinsa. Hatimi mai gida tara, ko ta ina ka tara, kwance ko tsaye ko kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu. Kuma malaminmu na ƙasar Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine, ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina waɗannan gidaje tun 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Mu Katsinawan Maraɗi bai kamata a ga muna neman fitila kan gida 81 ba. Sai dai da na ce bari in gwada tarawa irin tamu, abin bai tafi ba, yaron ya yi ta kallona.

Mushen lissafi:
Allah gafarta Malam, madalla da ka tuna mana da wannan bawan Allah, ɗalibaina da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Dalilin da tarawa ba ta yi maka aiki ba shi ne sudoku na yau da kullum babu tarawa a cikinsa ko kaɗan. Da za a cire lambobin a saka haruffa tara, ko launi tara, wasan bai canza ba. Hatimi na tambayar nawa ne jimilla, sudoku na tambayar wa ya rage bai samu wuri ba. Amma akwai wani nau'i da manhajoji ke kira Killer, wannan naka ne. Ana zagaye gidaje biyu ko uku ko fiye da ɗigo-ɗigo, a rubuta jimillarsu a kusurwa, kuma lamba ba ta maimaituwa cikin zagaye. Tunda 1 zuwa 9 in an tara 45 ne, kowane layi da kowane ɗaki 45 ne. In zagayen da ke cikin ɗaki suka ba ka 38, gida ɗaya ya rage a waje, ka san 7 ce ba tare da ka dubi komai ba.

Sai maganar canke, don mai babur. Wasan da aka tsara daidai amsa ɗaya tak gare shi, shi ya sa ma salula ke iya yi maka ja. Ma'ana kowane gida akwai dalilin da ya tilasta lambarsa, ko ka gan shi ko ba ka gan shi ba. Wani masanin lissafi a Dublin, Gary McGuire, shi da abokan aikinsa sun tabbatar da kwamfuta a 2012 cewa wasa ba zai zama mai amsa ɗaya ba in lambobin da aka bayar tun farko ba su kai 17 ba. Kuma kada ƙarancin lambobin farko ya tsorata kowa. Na ga mai lambobi kaɗan da ke warwarewa sumul, na ga mai lambobi da yawa da ya tsayar da ni cak. Wuyar tana ga irin dabarar da ake buƙata a tsakiya.

Ma'aikacin kanti, Bagalam:
Ni tawa manhajar daban take da ta Mushe. In ka danna taimako tana ƙara maka lokaci a agogo, wato tara ce, kuma wasan ba ya shiga jerin mafi saurinka. Don haka wanda zai zo fada ya ce ya ci maki kaza, a fara tambayarsa wace manhaja, wane mataki, jan na kunne ko a kashe. In ba haka ba gardamar banza ce. Mun taɓa yin musu da wani har murya ta tashi, ashe shi a mataki mai sauƙi yake tara nasa.

Wani abin da ba wanda ya ambata: maɓallin da ke cike maka ƙananan lambobin fensir, wato lambobin da kowane gida zai iya ɗauka, a dukkan gidaje lokaci guda. Wannan fa rabin aikin ne, kuma a tawa ba a lissafa shi a taimako, ba tara ba komai.

Ɗalibar jami'a:
Wannan maɓallin ni ina amfani da shi a mataki na ƙarshe kawai, kuma ba na jin kunya. Rubuta ƙananan lambobi aikin haƙuri ne, ba na tunani ba. Inda tunani yake shi ne goge su. Misali, in a layi biyu na kwance lambar 5 wuri biyu kawai take da shi a kowanne, kuma wuraren suna kan layukan tsaye guda biyu iri ɗaya, to 5 ta kama waɗannan layukan tsayen ke nan, sai a goge ta daga sauran gidajensu. Wannan ba ka ganinsa sai fensir ya cika daidai, kuma a ƙaramin allon salula da yatsa ka manta lamba ɗaya duk nazarin ya rushe.

Hajiya:
Ɗiyata, a nan ban bi ki ba. Wurin rubuta ƙananan lambobin ne nake sanin gidajen ɗaya bayan ɗaya. In salula ta zuba mini su gaba ɗaya sai in ga allo ya cika da tururuwa, ga idon tsufa.

Ɗan kabu-kabu:
To ni tambaya nake da ita ga Mushe. Irin na Malam ɗin nan mai tarawa, shi ma ana yafe kuskure biyu?

Mushen lissafi:
A tawa ana yafewa, amma ajiye su, ba za ka buƙace su da wuri ba in ka haddace ƴan zagayen da ba su da zaɓi. Gida biyu masu jimilla 3, sai 1 da 2. Masu 4, sai 1 da 3, don 2 da 2 maimaici ne. Masu 16, 7 da 9. Masu 17, 8 da 9. In gida uku ne, 6 tana nufin 1, 2, 3, ita kuma 24 tana nufin 7, 8, 9. Da su za ka fara. Kai da ke lissafin canjin fasinja a ka ba tare da ka tsayar da babur ba, wannan ba zai ɗauke ka kwana biyu ba.