Neman kalma: "berit" na sarakunan Isra'ila, alkawari kaɗai ya isa?

Malamar Lahadi: Jama'a sannunku da aiki. Ina da darasin matasa Lahadin nan kan sarakunan da suka bijire wa Ubangiji, na maƙale. Inda Ibrananci ya ce berit, Littafi Mai Tsarki namu alkawari ya sa, to a bakin yaran nan alkawari shi ne "gobe zan saya maka takalmi", wanda ya yi shi kaɗai yake ɗaurewa, sai sun tambaye ni in Allah ne ya yi alkawarin me ya sa sarki ke shan hukunci. A taimaka da kalma mai sharaɗi a ciki.

Ɗan Kwaya: Yarjejeniya mana.

Baba Fasto: A'a ɗana, yarjejeniya sai an zauna an yi ciniki, kowa ya rage nasa. Duba Maimaitawar Shari'a 28, albarka in an bi, la'ana in an ƙi, ba wanda ya taya. Ƴata, ki gwada amana. A zamanin sarakunan Fulani ƙabilun da suka ɗauki amana da sarki suna biyan haraji a bar su lafiya, babba ke gindaya sharaɗi, ƙarami ya rantse. Haka Nebukadnezzar sarkin Babila ya naɗa Zedekiya sarkin Yahuza ya rantsar da shi, shi kuma ya juya ya nemi dawakai wajen Masar, a Ezekiyel 17 Allah ya ce rantsuwarsa ce aka raina. Cin amana ke nan.

Mai Kishin Harshe: Amana Larabci, alkawari Larabci, har yaushe za mu yi ta bara? Ibraniyawa cewa suke a YANKA berit. Irmiya 34, Zedekiya da fadawansa sun ɗau alkawarin sakin bayi lokacin da Babila ta kewaye Urushalima, aka raba maraƙi biyu aka ratsa tsakani, wato in na saɓa a yi mini haka, da suka ga sojojin sun janye sai suka koma suka kame bayin. Ni na ce YANKAƊAURE. Na jima ina amfani da ita.

Ɗan Kwaya: Kai da wa? Yankaɗaure kamar sunan ɗan daba.

Mai Kishin Harshe: Ku da kuke cewa "mata na ya zo" ba ku za ku koya mini Hausa ba.

Maman Biyu: To an fara. Malam, mu ƴan Jos da wannan Hausar muke waƙa da addu'a tun kakanni, tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ba aro muka zo yi gidanku ba. Kuma "harshe" ne kake kishi ko Kano?

Mai Kishin Harshe: Hajiya ban ce Kano ba, daidaitacciyar Hausa na ce.

Maman Biyu: Ni ba Hajiya ba ce.

Baba Fasto: Ku yi haƙuri, baiwar Allah nan tana jira. Yankaɗaure ba za ta ɗauki 1 Sarakuna 11 ba, can ba maraƙi, Sulemanu ya bi allolin matansa, annabi Ahija ya kekketa sabuwar riga kashi 12 ya ba Yerobowam ma'aikacin Sulemanu 10, wato kabilu goma, amma aka bar wa ɗan Sulemanu kabila ɗaya saboda Dawuda. Sarki ya ci amana, Allah bai ta da alkawarinsa ba. Kalma biyu kike bukata, ba ɗaya ba.

Malamar Lahadi: Baba na gode. Alkawari zan bari tunda shi za su gani in sun buɗe littafi, ba zan ce musu Tsohuwar Amana a maimakon Tsohon Alkawari ba ai, amma laifin sarakunan zan kira shi cin amana. Labarin maraƙin kuma zan ɗauka, Malam, na gode.

Mai Kishin Harshe: Kin ɗauki maraƙin kin bar kalmar. Ba komai, ni dai a rubutuna yankaɗaure zan ci gaba da sawa.